Motar da Ba Mu Kira wa Gwaggo Ladi Ba

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, ka huce gajiyar jirgi, ka kuma gane alƙibla a ɗakin da suka ba ka. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Na cusa ta a jakarka ƙarƙashin ledar kuka da daddawa, don na san nan za ka fara kai hannu.

Kada ka yi mamakin ganin dogon rubutu daga wurina. Kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kanka, saboda haka tun kana ƙarami ban saba zaunar da kai in dube ka ido cikin ido in yi ta zuba ba. Ƙannenka ne suka sha surutuna, kai kuwa "Allah Ya yi albarka" kawai kake samu, ka tashi. To, wannan maganar ta fi ƙarfin "Allah Ya yi albarka". Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare ba su bar min dukiya ba, amma sun bar min alƙalami, bari in more shi.

Ranar da dangi suka taru yi maka sallama, ka durƙusa gaban Malam ka ce, "Baba, da na samu wurin zama zan aiko maka da tikiti, ka zo ka ga inda nake." Kowa ya ɗauke ta maganar ban-kwana, aka ce Allah Ya nufa, aka wuce. Ni da nake zaune da shi na san ba haka ya ɗauke ta ba. Mutumin da ko Kano ba ya shiga sai an yi rasuwa, washegari na ji yana tambayar yadda ake sabunta fasfo, jiya kuma ya kai wa tela shadda ya ce a ɗinka masa mai kauri. Babanka zai zo. Ina murna, wallahi ina murna, don ya wahala a kanku, ya cancanci ya ga inda wahalarsa ta kai. Amma tsoho ne, yana da hawan jini, kuma na san halinsa kamar yadda na san naka. Abin da nake tsoro guda ɗaya ne: ya faɗi a hannunka a ƙasar da ba tamu ba, ya ce kada ka kira masa motar asibiti, kai kuma ka ce to.

Ba tsoron banza nake ba. Na taɓa tsayawa a daidai wurin da nake gudar maka, na kuma ce to.

Ka tuna Gwaggo Ladi, yayar babanka, wadda aure ya kai Kumasi tun kafin a kawo ni gidan nan. Ita ta raini Malam bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa har ya yi furfura ba ya zama a kujera in tana ƙasa. Ta zo mana bikin ƙanwarka Zainab. Kai ka zo bikin, ka koma jami'a washegarin kai amarya, don haka abin da ya biyo baya a waya ka ji shi, a gajarce kuma. An ce maka Gwaggo ba ta da lafiya, an kai ta Kano. Da ka dawo hutu ka tarar da ita a ɗakin kusa da rumbu, ba baki, ka ɗauka haka Allah Ya so, kuma haka ɗin Ya so. Sai dai akwai hannunmu a ciki, shi ne zan faɗa maka.

A mota ta zo, kwana da kwanaki a zaune, ta keta ƙasashe da buhun goro da atamfofi. Tun daga zaure ta fara magana, ba ta kuma yi shiru ba. "Ina Amaryarmu? Iye, ji yadda ta yi ƙiba! Ƙanina kuwa an bar shi kamar sandar rake!" Ina aurar da 'ya, amma a bakinta har lokacin ni amarya ce. Da ta cire takalmi na ga ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum. Na ce, "Yaya, ina gajiya?" Ta ce, "Gajiya ta bi lafiya." Shi ke nan binciken da na yi mata. Da safe nakan gan ta ta juya baya ta kwance bakin gyalenta ta haɗiyi wasu ƙwayoyi, ta yi sauri ta ɗaure. Na gani da idona ba sau ɗaya ba, na kau da kai, don a ganina rashin kunya ne matar ƙani ta tsare yayar mijinta da tambayar me ke damunta. Bayan 'yan kwanaki na daina ganin tana kwance gyalen, na ce a raina ta warke. Ashe maganin ne ya ƙare, ita kuma ta ga gidan biki ne, ana ta kashe kuɗi, ba za ta buɗe baki ta ce a saya mata ba. Ita tana yi mana kara, ni ina jin nauyinta, jininta kuma yana ta hawa.

Sannan muka bi ta da girmamawa irin tamu. Duk gidan da ta shiga sai an yanka kaza, a soya, a zuba gishiri da magi kamar ba gobe. Ni da kaina na yi ta ɗora mata tsire da kilishi ina cewa, "Yaya, ci, can ba ku da irin wannan." Tana ci don kada in ji ba daɗi.

To, Babana, duk tsohon da zai sauka a gidanka, babanka ne, ni ce, ko iyayen matarka ne in ta biyo ka, ka tambaya. Kada ka tambaye shi "ya jiki", don amsarta a shirye take tun kafin a haife ka. Ka ce a nuna maka kwalin maganin, ka riƙe shi a hannunka, ka ɗauki hotonsa a waya, ka duba ko zai kai ƙarshen ziyarar. In tsohon ya murtuke fuska, ka bar shi ya murtuke, ka kewaya ka tambayi wanda yake zaune da shi. Na Malam ni ce zan ba ka labari, ba shi ba. In ka bi ta tasa zai ce maka rabonsa da ciwo tun ƙyanda.

Akwai wani kati da Gwaggo take ji da shi. Cikin 'yar jakarta yake, tare da fasfonta. Ana hira sai ta zaro shi ta ɗaga wa mata, ta ce, "Kun ga wannan? A can in na je asibiti shi nake miƙawa, a duba ni, a ba ni magani, in kama hanya. Ku nan sai an sayar da akuya." A yi ta dariya, ana cewa Yaya ta zama Baturiya. Katin inshorar lafiya ne na ƙasarsu. Ni da na yi makaranta ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ko katin zai yi magana a nan. Na ma ƙara da wani lissafi nawa na wauta: ai Malam yana aikin gwamnati a lokacin, yana da inshorar ma'aikata, duk wanda ya kwana ƙarƙashin rufinsa ta rufe shi. Haka na zauna hankali kwance da katuna biyu a gida, ba wanda ya san iyakar ko ɗaya.

Bayan an watse biki sai zagayen dangi. Ka san wanda ya daɗe ba ya gari ba ya komawa sai ya taka kowane gida, ya ga waɗanda aka haifa, ya yi ta'aziyyar duk wanda ya rasu a bayansa. Na Gwaggo kuwa sun taru da yawa. Muka yi Kademi, muka yi Balan, ni ce 'yar rakiya. Damina ce, rana in ta buɗe kamar ta dafa mutum. Saura dangin mahaifiyarsu, Fulanin da suka zauna suna noma a wani ƙauye gaba da Toranke. Ranar da za mu je ta tashi tana dafe ƙeya. Na ce, "Yaya, ko mu bari sai gobe?" Ta ce, "In koma Kumasi ban gaida kawuna ba? Ɗauko mayafinki." Na ɗauko.

Da hantsi muna zaune a tsakar gidan Kawu, an dama mana fura da nono mai kyau, tana ba su labarin yadda ta yi da wani ɗan kwastan a kan iyaka, kowa na dariya. Sai ludayin ya suɓuce daga hannunta. Ta kai hannu za ta ɗauka, hannun ya ƙi. Na dube ta na ga bakinta ya karkace gefe guda, maganar tana fita a harɗe kamar mai cin tuwo da zafi. Nan da nan mata suka yi kanta. Wata ta ce iska ce ta buge ta, ai hanyar da muka biyo akwai tsamiya. Aka kawo garwashi aka yi hayaƙi, aka yi tofi a ruwa ana ɗura mata yana zubowa ta gefen baki. Ba na raina addu'a, ni ma na yi wadda na iya. Amma na aika aka kira ma'aikaciyar lafiyar da ke kusa, ta zo a bayan babur, ta auna jininta, ta ja ni gefe. Ta ce, "Hajiya, wannan shanyewar ɓarin jiki ce ke farawa. A daina ba ta ruwa. Kano za a kai ta, yanzu, kuma a kwance. Akwai motar asibiti da za a iya kira daga gari, sai dai ku za ku zuba mata mai zuwa da komawa, ku sallami direba."

Ban san cewa Gwaggo tana jinmu ba. Ta kama bakin zanena da hannun da yake aiki, ta ja. Na sunkuya. Da ƙyar na gane abin da take cewa. "Amarya, kar ki kira. Ƙanina ya gama biki, ba shi da komai. Kuma ni ba na shiga motar gawa da raina."

Kawu, dattijon gidan, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Gaskiyarta. Motar nan mu ba mu taɓa ganin ta shigo garin nan ba sai da mamaci. In ta doso da jiniya, kafin la'asar an fara zuwa mana gaisuwa. A jira motar kasuwa ta dawo, a sa ta a gaba cikin mutunci."

Na kira Malam, yana gonarsa ta Balan. Na faɗa masa abin da ma'aikaciyar ta ce. Ya ce, "Me Yaya ta ce?" Na ce, "Ta ce kar a kira." Ya ce, "To, abin da ta ce shi za a yi. Ga ni nan zuwa."

Babana, kuɗin man nan yana ɗaure a bakin zanena, ragowar gudunmawar biki. Lambar motar tana wayar ma'aikaciyar, tana tsaye tana kallona. Ba abin da ya rage sai in ce mata kira. Na dubi Kawu, na dubi matan gidan, na tuna ni matar ƙani ce a tsakiyar dangin miji, mai ciwo ta ce a'a, mijina ya ce a'a, dattijo ya ce a'a. Na ji tsoron a ce Malam ya auri mai ido a tsakar ka. Sai na ce to. Ma'aikaciyar ta sake cewa, "Hajiya, lokaci fa." Na ce mata mun gode, ta hau babur ta tafi.

Motar kasuwa ba ta dawo ba sai bayan la'asar. A lokacin Gwaggo ta daina cewa komai. Aka ɗauke ta aka zaunar a gaba, ni a gefenta ina tallafe da kanta, Malam a baya tsakanin buhuna. Hanya ta jiƙe, motar tana faɗawa rami tana fita, kanta yana faɗowa kafaɗata. Ta yi amai, ya sarƙe ta, ba wanda ya san yadda ake yi a cikinmu, direba ya tsaya muka yi ta bubbuga bayanta. Muka iso asibitin gari, suka duba ta, suka ce Kano. Muka sake neman wata motar, muka bi ta Wudil. Abin da ya fara da hantsi, sai da aka yi isha kafin ta hau gadon da ya dace da ita.

Da safe likita ya tambaye mu yaushe abin ya fara. Malam ya faɗa. Ya ce me ya tsayar da mu. Bai yi faɗa ba, ya dai ce irin wannan ciwo a sa'o'in farko ake kokawa da shi, in suka wuce sai dai a yi abin da ya samu. Ba zan ce maka da mun kira motar da ta tashi ta taka ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani shi ne da ta yi tafiyar a kwance, da wanda ya san aiki a kanta, da tun rana na sama ta isa. Mun hana ta wannan, muna ganin girmama ta muke yi.

Ka riƙe alamomin nan da kyau: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta harɗe, ko ƙirji ya ɗaure ana gumi. In ka ga ɗaya, ba lokacin shawara ba ne, ba lokacin kirana a waya ba ne, ba lokacin lissafin nawa za a caje ka ba ne. Kada ka ce za ka sa shi a motar abokinka don a rage kashe kuɗi. Ka kira masu motar tukuna, sannan ka yi addu'a suna hanya. Mai ciwo a wannan hali ba ya yanke wa kansa hukunci, ko da shi ya haife ka.

Yanzu ka ji yadda katunanmu suka ƙare. Aka ce a je a biya kuɗin hoton kai da na gado. Na zaro katin Gwaggo daga jakarta, na miƙa ta taga har da 'yar gadarata. Yarinyar da ke wurin ta duba gaba, ta duba baya, ta miƙo min. Ta ce, "Hajiya, wannan na ƙasarsu ne, ba ya aiki a nan." Malam ya matso ya ba da nasa. Ta ce, "Baba, matarka ce?" Ya ce, "Yayata ce." Ta ce, "Ba ta ciki." Ya ce, "Ita ta raine ni." Ta ce, "Allah Ya saka mata da alheri, Baba, amma ba ta ciki." Ban ga laifinta ba, aikinta take yi. A makon nan Malam ya sayar da shanun huɗarsa, damina tsaka. Ka tuna shekarar da ka tambaya ina shanun, aka ce maka sun tsufa? Ba su tsufa ba. Kuɗin man da Gwaggo ta so ta rage wa ƙaninta bai kai na igiyar da aka ja su da ita kasuwa ba, in aka gwada da abin da ya tafi.

Inshora tana da iyaka kamar gona, kuma ba ta san zumunci ba. Wadda wurin aikinka za su yi maka, kada ka ɗauka ta rufe duk wanda ya kwana a gidanka. Ka je ka tambaya da bakinka: baƙon da ya zo ziyara, tsoho, in ya kwanta wa zai biya? Ban san dokar ƙasar da kake ba. Na ji an ce wani wuri motar asibiti kyauta ce, wani wuri kuma takardar kuɗi ce ke biyo ta har gida, mai nauyin gaske ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Kada ka dogara da "an ce", har da nawa. Ka samu wanda aikinsa ke nan ya yi maka bayani, ka sa ya maimaita har ka gane, ba kunya a ciki.

Akwai inshorar da ake saya wa baƙo don kwanakin ziyararsa. Ita da tikiti tare za ka saye su. In kuɗinka bai kai biyun ba, to bai kai ɗaya ba, a ɗage tafiyar, Malam ya ci gaba da goge shaddarsa. Kafin ka biya ka tambaye su ko ta haɗa da motar asibiti, ko ta haɗa da ciwon da mutum ya zo da shi daga gida, don nan ne suke zamewa. Za su tambaye ka ko yana da wata lalura. Babanka zai ce a rubuta lafiyarsa ƙalau, don ya ji ta fi araha. Kada ka rubuta. Ka faɗa musu hawan jinin da sunan maganin, ko da kuɗin zai ƙaru, don in suka gano an ɓoye musu ranar da ake buƙatarsu, za su miƙo maka takardarka kamar yadda aka miƙo min katin nan. Ka kuma tambaya, in ya kwanta har ba zai iya zama a kujerar jirgi ba, wa zai dawo da shi gida? Wannan ita ce ta ci Gwaggo. Hanyar mota ta fi ƙarfinta, kuɗin ɗaukar mara lafiya a jirgi ya fi ƙarfinmu gaba ɗaya, ta zo biki na 'yan makonni ta zauna har ƙarshen ranta, ba ta sake ganin ɗakinta da jikokinta ba. In kuwa ta Allah ce ta kasance, wannan ba sai ka sha wahala ba. A yi masa sutura a inda ya cika, cikin Musulmi, ƙasa duk ta Allah ce.

Ɗanta Mumuni ya iso daga Kumasi muna asibiti. Ya shiga ya gan ta, ya fito ya zauna kusa da ni a kan benci. Na shirya jin zagi, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Sai ya ce, "Mama, da kin kira ni tun hantsin nan, ai kafin azahar na turo kuɗin motar. Maganinta ma da kun tambaye ni da na faɗa muku, shekara da shekaru tana shan sa." Lambarsa tana wayata tun ranar da ta iso, shi ya kira ya ji ko ta sauka lafiya. Ban kira shi ba don kada a ce uwarsa ta zo gidanmu mun kasa riƙe ta.

Saboda haka kafin babanka ya hau jirgi, ku zauna kai da ƙannenka, ko a waya ne, ku yi maganar da ba a so: in wani abu ya faru, wa zai kawo me, wa za a fara kira. Kada ka ce kai ne babba, kai ne a Turai, za ka ɗauke shi kai kaɗai. Sabon zuwa ne kai, albashinka bai san ka ba tukuna. Kuma ka tuna za ka riƙa fita aiki ka bar shi shi kaɗai a ɗaki. Ka koya masa lambar da ake kira, ka san kuma ba zai kira ba, don haka ka haɗa shi da wani maƙwabci ko mutanen masallaci da za su riƙa leƙa shi. Zai yi ta mita cewa an mai da shi jariri. Ka ba shi haƙuri ka ci gaba.

Na san babanka. In ya ji kuɗin motar asibitin can, take zai juya shi zuwa naira, ya juya nairar zuwa buhun gero, ya ce a kan me. Jininsu ɗaya da Gwaggo, gara su mutu da su zama nauyi a kan wanda suke ƙauna. Kai kuma tun da aka haife ka ban taɓa ji ya ce maka bari ka ce don me ba. Mutane suna yaba min kai a kan haka, ni ma ina alfahari. Amma shi ne abin da ke tayar min da hankali, don na ga abin da irin wannan biyayya ta yi a gidan Kawu, ni da Malam muka yi ta, ba wani ba.

Jiya bayan la'asar yana zaune a tsakar gida yana gyaran ƙotar fartanya, ya ga ina ta rubutu. Ya ce, "Wannan kuma jarrabawar wa ake makawa?" Na ce, "Babana nake rubuta wa." Ya ce, "A kan me?" Na ce, "A kan Yaya, da ranar Toranke." Tun rasuwarta ba mu taɓa tayar da maganar nan ni da shi ba. Na ɗauka zai ce in yaga. Ya ajiye fartanyar, ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin da ta zauna. Can ya ce, "Kin sa masa cewa ni na ce abin da ta ce shi za a yi?" Na ce na sa. Ya ce, "To, ki ƙara masa wannan, don ni ba zan iya faɗa masa da bakina ba. Na san kaina. In ranar ta zo zan ce kar ya kira, zan ma iya cewa ban yafe ba. Ki ce masa wannan ba ni ba ne. Ni ne wannan da nake magana yanzu, da hankalina, kuma na ce ya kira."

Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba. Ka ji daga bakinsa, ni ce shaida.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya ba ka halal mai albarka, Ya tsare maka sallarka da mutuncinka. Allah Ya jiƙan Gwaggo Ladi, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ya yafe mana abin da muka gaza a kanta. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya kawo babanka wurinka da ƙafarsa, Ya dawo min da shi da ƙafarsa, Ya sa kada ranar nan ta zo. In kuwa ta zo, Babana, ka kira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
daga Gaya.